Gaskiya ko Jita-jita: Wane Bit ne ke Yanka Faiba da Bakalait a Injin CNC?

Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC, ya daina zama baƙo a shagunan masu allon talla da kafintocin zamani a Kano da Kaduna da Abuja. Yawancin masu shi don MDF da filawud da akirilik suka saye shi, sai falankin alminiyon da ake manna wa gine-gine. Amma mai inji ba ya zaɓar wanda zai shigo masa shago. Yau mai haɗa akwatin wutar lantarki zai kawo wani allo kore-kore ko ruwan ɗorawa, ya ce a huhhuda masa a yanka gida-gida. Gobe ɗan kwangila zai sauke wani allo mai baƙar tsakiya, mai nauyin gaske, na raba banɗakunan otal ko makaranta. Na farkon faiba ce, wato zaren gilashi da aka daskarar cikin ƙaron sinadari. Na biyun fenolik ne, ɗan gidan bakalait.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Bit, wato bakin da inji ke yanka da shi, wanda ya yi makonni yana cin MDF sai ya dakushe kafin a gama allo guda, gefen aikin ya yi baƙi ko ya yi gashi-gashi, wari ya game shago. Daga nan kowa sai ya kawo nasa bayanin, maigida ya gaya wa yaro, yaro ya gaya wa na bayansa, har maganar ta zama kamar doka. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe. Wasu kuwa su ne ke cinye ribar shago, ɗaya daga cikinsu ma lafiyar yara take ci.

"Bit ai bit ne, wanda ya ci katako zai ci faiba"

Jita-jita ce, kuma ita ce uwar sauran. Zai yanka, ba a musu, sai dai ba zai je ko'ina ba.

Dalilin yana cikin allon kansa. Faiba abu biyu ne a haɗe. Akwai zaren gilashi, wanda kaurinsa ke tsakanin mikron 5 da 25, alhali gashin kan mutum yana kaiwa wajen 70. Akwai kuma ƙaron da ke riƙe da zaren, foliyesta ko ifoksi. Tun daga 1938, shekarar da aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka, wannan zare ya fara bazuwa cikin masana'antu, kuma nau'in da aka fi amfani da shi har yau fiye da rabinsa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi. Duk wanda ya taɓa sarar icen da ya daɗe kwance cikin rairayi ya san abin da yashi ke yi wa bakin adda. Abin da ke samun bit ke nan, sau dubbai cikin kowane minti.

Kuma faiba ba duka ɗaya take ba. Wadda ake shimfiɗawa da hannu don yin kwale-kwale ko tankin ruwa ko kujera, gilashin cikinta wajen kashi 30 ne cikin 100 na nauyinta. Allunan lantarki da ake kira G10 da FR4 kuwa saƙaƙƙen yadin gilashi ne da aka jera falle kan falle, aka matse da zafi, gilashinsu yakan kai rabin nauyin allon ko ya zarce. Shi ya sa suka fi saurin kashe bit. Sunayen nan biyu daga ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, NEMA, suka fito. Bambancinsu shi ne FR4 an sa masa sinadarin hana cin wuta, yawanci mai ɗauke da buromin. FR4 shi ne koren allon nan da masu gyaran waya da kwamfuta suke gani kullum.

Bit na zallar ƙarfe, wanda ake rubuta wa HSS, a cire shi daga lissafi tun farko. Mafi ƙarancin abin da za a sa wa faiba shi ne bit na kabaid tun daga kai har ƙasa. Ba kabaid ɗin masu walda da masu nunar da ayaba ake nufi ba. Wannan garin tungstin kabaid ne da aka gasa tare da kobalt har ya dunƙule, fasahar da Karl Schröter ya gano a kamfanin Osram na Jamus a 1923. Kobalt ɗin, wanda yakan kama daga kashi 6 zuwa 12 cikin 100, shi ne ke riƙe ƙwayoyin kabaid wuri guda, kuma shi ne mai taushi a cikinsu. Gilashi yana zaizaye shi, ƙwayoyin da ke bakin haƙori su rasa madogara su zube. Saboda haka kabaid mai ƙarancin kobalt da ƙananan ƙwayoyi ya fi jure faiba, ko da yake ya fi saurin karyewa idan ya sha jijjiga.

Ko da na kabaid ne, bit ɗin katako siffarsa ba ta dace ba. An yi masa baki siriri mai kaifi, da murɗa mai tsayi don ya yanka zaren itace ya watso ɓarɓashi waje. A cikin faiba, siririn bakin nan shi ke fara mutuwa, murɗar kuma tana kama zaren gilashi tana fizgo shi, fallen sama ya ɗago ya rabu da na ƙasa. Allon da fallayensa suka rabu ba ya gyaruwa. Idan na lantarki ne, laima da datti sun sami hanyar shiga ke nan.

"Fenolik roba ce, bit ɗin akirilik ya isa"

Wannan ma ba haka ba ne. Akirilik yana narkewa idan ya ji zafi, don haka aka yi masa bit mai haƙori ɗaya da faffaɗan kwari mai santsi, ɓarɓashi ya fita da sauri kafin ya narke ya like. Fenolik ba ya narkewa. Ƙaronsa, wato bakalait, wanda Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam, ya haɗa daga fenol da fomaldihaid a Yonkers ta jihar New York a 1907, idan ya daskare sau ɗaya ya daskare ke nan. A ƙara masa zafi sai ya ƙone ya zama gawayi. Wannan hali ne ya sa aka daɗe ana yin mariƙin tukunya da soket da makunnin wuta da shi.

Abin da ya kamata mai inji ya tambaya kafin ya ɗora allon fenolik shi ne: me ke cikinsa? Akwai mai takarda, akwai mai yadin auduga, mai kauri ko mai laushi, akwai kuma mai yadin gilashi. Ana sayar da su da sunaye irin su Micarta da Tufnol da Garolite. Allon raba banɗaki, wanda kaurinsa ya fi yawa a milimita 12 ko 13, takarda ce falle da yawa da aka jiƙa da ƙaron fenolik aka matse, nauyinsa ya kusa ninka na MDF mai girmansa. Mai takarda da mai auduga suna yankuwa lafiya da bit na kabaid mai haƙora biyu ko uku, miƙaƙƙu ko masu 'yar murɗa kaɗan, duk da cewa sun fi katako cin baki nesa ba kusa ba. Mai gilashi kuwa hukuncinsa hukuncin faiba ne. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a dubi gefen allon a wuri mai haske. Saƙar yadi tana nuna kanta, gilashi kuma yana ƙyalli, garinsa yana da kaushi a tsakanin yatsu.

"Da ka ga an rubuta daiman, ka sami daiman"

A nan ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa, wani lokacin ma mai sayarwar shi kansa bai sani ba. Abubuwa daban-daban ne suke yawo a kasuwa ƙarƙashin wannan suna guda.

Wanda aka fi samu shi ne bit mai ƙananan haƙora birjik, waɗanda aka tsaga ta dama da ta hagu har suka bar zane mai kusurwa huɗu a jikinsa. A kan kwalinsa akan rubuta "diamond cut". Babu ko ƙwayar daiman a jikinsa. Kabaid ne zalla, siffar zanen haƙoran kawai ake nufi. 'Yan kasuwar China suna kiran ɗan'uwansa mai haƙoran masara. Ba jabu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Shi ne ma ainihin bit ɗin da aka yi domin faiba, kuma da irinsa masana'antun allon lantarki suke yanke FR4. Aikinsa gurza ne, aikin magagari. Kowane ɗan haƙori yana gutsurar zare kaɗan, kuma da yake tsagin yana fuskantar ɓangare biyu, ba ya fizgo falle sama ko ƙasa da ƙarfi. Laifin kawai shi ne a biya masa kuɗin daiman. Mai saye kuma ya dubi ƙarshensa, domin akwai wanda ba ya yanka da ƙasa ko kaɗan, sai gyaran gefe, akwai mai ƙarshe kamar na diril wanda zai huda ya shiga, akwai mai wutsiyar kifi, akwai mai shafaffen ƙarshe na share ƙasan rami. Wanda ya nutsa bit marar yanka ta ƙasa cikin allo, hayaƙi zai gani.

Sai bit na kabaid da aka lulluɓe da daiman na gaskiya, wanda ake rubuta wa CVD. Ana tsirar da daiman ɗin a jikinsa ne cikin tanderu na musamman, kaurinsa 'yan mikron kaɗan. Yana daɗewa ƙwarai a faiba. Illarsa ita ce lulluɓin yana ɗan rage kaifin baki, kuma ranar da ya ɓare, abin da ya rage kabaid ne tsirara. Kada a rikita shi da DLC, wani siririn shafe na kabon wanda ya yi kama da daiman a tauri amma bai kai shi ba, kuma bai kai CVD kauri ba.

Akwai wanda aka manna wa tsakuwoyin daiman a jiki, yana da kaushi irin na samfefa. Wannan yana da kyau wajen datse gefen faibar kwale-kwale da tanki, amma yana toshewa idan ƙaro ya yi zafi ya yi danƙo.

Na ƙarshe, kuma babbansu, shi ne PCD: garin daiman da aka dunƙule da matsanancin zafi da matsi a kan kabaid, aka yanka ƙanana aka like a matsayin haƙora. Kamfanin General Electric ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Masu ƙera shi suna cewa yana ninka kabaid rayuwa sau goma ko fiye a irin waɗannan alluna, kuma masana'antun da ke yanka fenolik dare da rana shi suke amfani da shi. To amma daiman tauri gare shi, ba juriya ba. Ya haɗu da kan sukurun da aka ɗaure allo da shi, haƙori ya tafi. Ba a kuma sa shi a baƙin ƙarfe, domin idan zafi ya tashi, kabon ɗin daiman yana narkewa cikin ƙarfen.

"Mai ruwan zinare ko shuɗi ya fi inganci"

Ruwan zinaren nan shafen titaniyam naitirayid ne, an yi shi ne domin yankan ƙarfe. Kaurinsa bai fi 'yan mikron ba, gilashi yana goge shi daga bakin haƙori nan da nan. Shuɗi da sauran launuka su ma ba shaidar komai ba ne a kan faiba. Ingancin kabaid ɗin da ke ƙasa da siffar haƙora su ne abin dubawa.

"Abu mai tauri sai a bi shi a hankali"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi kama da hankali, shi ya sa ta fi wuyar cirewa daga kan mutane. An saba jin cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma mai inji yana tsoron karya bit mai tsada, sai ya bar kan injin yana juyi 18,000 ko 24,000 a minti, ya rage tafiyar allo har ta koma rarrafe. Nan take gefe ya yi baƙi, wari ya tashi, bit ya mutu da wuri. Sai ya ƙara ragewa.

Lissafin ba shi da wuya. Kaurin abin da kowane haƙori ke ɗauka shi ne saurin tafiya a raba shi da yawan juyi sau yawan haƙora. Bit mai haƙora 2, yana juyi 18,000, yana tafiyar milimita 3,600 a minti, kowane haƙori yana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na milimita. A mayar da tafiyar 600, abin da yake ɗauka bai kai kashi biyu cikin ɗari na milimita ba. A nan ya daina yanka, ya koma guga. Gugar tana haifar da zafi, haƙorin kuma yana wucewa ta kan gilashi sau shida don ya yi aikin da zai yi sau ɗaya. An ninka zaizayar, an ninka zafin.

Zafin kuwa ba shi da mafita. Alminiyon yana kwashe zafi ya watsa cikin jikinsa, amma faiba da fenolik sun gaza shi wajen ɗaukar zafi sau ɗaruruwa, ai don haka ake sa su su tare wuta da zafi. Duk abin da guga ta haifar yana taruwa a bakin bit da gefen aikin. Ifoksin da ke cikin FR4 na yau da kullum yana fara laushi a wajen digiri 130 zuwa 140 na ma'aunin Salsiyas, sai ya like tsakanin haƙora. Fenolik kuwa ƙonewa yake yi, kuma ƙonannen gefe ba muni kawai ba ne. Gawayi yana ɗaukar lantarki. Allon da aka saya don ya raba wayoyi masu wuta, idan aka mayar wa mai shi da baƙin gefe tsakanin ramuka biyu, an rage masa abin da ya biya kuɗi dominsa.

Idan gefe ya fara baƙi, a rage juyi ko a ƙara tafiya. Idan inji ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan, a rage zurfin kowane zagaye, a yi aikin hawa biyu ko uku. A bar ɗan abu kaɗan a gefe, a dawo a share shi da zagaye na ƙarshe. A shigar da bit cikin allo a karkace yana tafiya, kada a soka shi tsaye. Mai haƙoran masara ba ya bin wancan lissafin daidai saboda yawan haƙoransa, nasa sai a fara da jadawalin wanda ya ƙera shi, a gwada a guntun allo, a dubi launin gefe.

Inda maganar ke da ɗan gaskiya shi ne wajen fitar bit ta ƙasan allo lokacin huda. A nan kam sai a sassauta, kuma a tabbata akwai katako a ƙasa mai tare fallen ƙarshe, in ba haka ba zai fashe.

"Mai matsewa maganin kowace ɓamɓarewa ne"

Rabin gaskiya. Bit mai murɗa iri uku ne. Mai ɗagawa sama yana fitar da gari sosai, amma yana tsage fuskar sama, yana kuma ɗaga allo marar kauri daga kan tebur. Mai dannawa ƙasa yana barin fuskar sama tas, amma yana cusa gari cikin tsagi, bit ya riƙa niƙa shi yana ƙara zafi. Na ukun, wanda 'yan kasuwa ke kira kwamfireshan, ƙasansa yana ɗagawa, samansa yana dannawa, su matse allon zuwa tsakiya, fuska biyu su fita lafiya. A kan allon banɗaki mai ado gaba da baya yana yin aiki mai kyau.

Sharaɗinsa shi ne ɓangaren da ke ɗagawa ya nutse gaba ɗaya ƙarƙashin fuskar sama tun a zagayen farko. Idan aka yi zagaye marar zurfi, ɓangaren ɗagawar ne kaɗai ke aiki, an sayi bit mai tsada yana yin aikin mai araha. Allon lantarki na yau da kullum kaurinsa milimita 1.6 ne, bai kai tsawon wannan ɓangaren ba a yawancin bit, saboda haka ba shi da amfani a can. Kuma mai matsewar da aka yi domin filawud, idan aka sa shi a G10, gilashi zai cinye shi kamar kowane bit ɗin katako.

"Sayen bit mai tsada asara ce" da kishiyarta, "mai tsada ba ya ba da kunya"

Duka biyun ba su tsaya daidai ba. Farashin bit ba ya gaya wa mutum komai sai an raba shi da yawan mitocin da ya yanka. Bit ɗin da ya ninka wani kuɗi sau takwas, in ya ninka shi aiki sau ashirin, shi ne mai arahar, tun ba a sa lokacin tsayawa canji da allon da dakusasshen baki ya ɓata ba. Ni dai ina ganin kowane shago ya kamata ya ajiye ɗan littafi kusa da inji, a riƙa rubuta wane bit, wane allo, mita nawa. Bayan 'yan watanni ba mai sayarwar da zai iya yi masa daɗin baki. Wanda aikin faiba ke zo wa jefi-jefi, fakitin mai haƙoran masara ya ishe shi, a ɗauke su abin da ake amfani da shi a yar. Wanda ya sami kwangilar alluna ɗari na fenolik, shi ne ya kamata ya yi tunanin PCD.

Sai dai PCD a kan inji mai jijjiga zubar da kuɗi ne. Kafin a sayi bit mai tsada a fara duba kolet, ɗan abin da ke damƙe bit a kan inji. Idan ya tsufa ko gari ya cika tsaginsa, bit yana juyi a karkace, haƙori ɗaya ya ɗauki duk nauyin. Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi a nan ƙasar saboda kaya suna zuwa daga ɓangare biyu: bit ɗin China da na Turai jikinsa milimita 6 ne, na Amurka rubu'in inci ne, wato milimita 6.35. Da ido kusan ɗaya suke. A cusa na biyun cikin kolet ɗin na farko, an ɓata kolet, bit kuma ba zai zauna daidai ba. Haka kuma a tura bit ciki gwargwadon iko, a bar abin da aikin ke bukata kawai a waje.

Wata dabara mai tsawaita rayuwar bit ba ta cin ko kwabo. Allo marar kauri wuri ɗaya yake ci a jikin haƙora, har ya yi musu wuya, sauran tsawon yana nan sabo. A riƙa sauya zurfin da bit ke nutsawa cikin katakon ƙasa daga aiki zuwa aiki, sai cin ya bazu.

Batun kai bit wajen mai wasa wuƙa kuwa, dutsen giranda na yau da kullum ba ya cin kabaid yadda ya kamata, sai faifai mai daiman da injin da zai riƙe kusurwa. Ko an wasa shi daidai, kaurinsa ya ragu, dole a gyara adadin a manhaja. Mai lulluɓin CVD da an wasa shi lulluɓin ya tafi.

"A zuba ruwa, ko a kai wa mai leza"

Ruwa yana kwantar da ƙura yana sanyaya baki, kuma G10 da FR4 ba su cika shan sa ba, har akwai masu yanka su a nutse cikin tire. Fenolik mai takarda ko auduga kuwa yana shan laima ta yankakken gefe, ya kumbura, ƙarfinsa na tare lantarki ya ragu. Teburin yawancin injinanmu ma MDF ne, ruwa ajalinsa ne. Leza kuma ba mafita ba ce. Ƙona ƙaron take yi, ta bar baƙin gefe, ta tayar da hayaƙi mai guba.

"Ƙaiƙayi ne kawai, a sha madara ya wuce"

Wannan ce ta fi damuna, domin a sauran bit ko allo ake asara, a nan ƙirjin yaro ne. Maganar madara ta daɗe a bakin masu fenti da masu walda da kafintoci: a gama aiki a sha gwangwani guda, wai ta wanke ƙura. Madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro. Abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da komai daga huhu.

A faɗi gaskiya kuma, kada a ƙara gishiri. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, da ta duba irin dogon zaren gilashin da ake yin faiba da shi a 2001, ba ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ba. Zaren yana karyewa ne a gicciye, ba ya tsagewa a tsaye ya ƙara sirancewa yadda asbestos ke yi. Amma bit mai juyi dubbai yana mayar da gilashi da ƙaro gari mai laushin da ke shiga can cikin huhu, yana sa tari, yana cin ido da fata. Fenolik da ya ƙone yana sakin fenol da fomaldihaid, shi kuwa fomaldihaid hukumar ta sa shi a rukuni na ɗaya, na tabbatattun masu jawo daji, tun 2004. Warin nan mai hawa kai da ke tashi idan gefe ya yi baƙi gargaɗi ne. Akwai kuma tsoffin kayan bakalait da aka cakuɗa da asbestos a zamanin da, don haka tsohon allon da aka ciro daga tsohuwar masana'anta, ba a san asalinsa ba, kada a ɗora shi a inji.

Hure teburi da iskar kwamfiresa shi ne mafi munin abin da ake yi. Garin da ya kwanta sai ya koma sama, kowa a shago ya shaƙa, saura ya sauka a kan dogayen ƙarafan da inji ke tafiya a kai, ya haɗu da giris ya riƙa cin su. Abin da ake bukata shi ne injin zuƙar ƙura mai baki kewaye da bit, da matata mai kama gari mai laushi, abin da ya zube kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Hankici ko rawani a hanci, ko takunkumin asibiti mai buɗaɗɗen gefe, ba sa tare wannan gari. Takunkumin da aka rubuta wa FFP2 yana tace aƙalla kashi 94 cikin 100, N95 kashi 95, FFP3 kashi 99, muddin ya zauna a fuska ba rata. A haɗa da tabarau mai rufe gefe da riga mai dogon hannu, a wanke jiki da ruwa da sabulu ba tare da susa ba, kayan aikin kuma kada a kai su gida a haɗa da wankin iyali.

Maigidan shago, yaron da iyayensa suka damƙa maka ya koyi sana'a shi ne ke tsaye kusa da inji yana shaƙar wannan gari, ba kai da ke ofis ba. Idan za ka karɓi aikin faiba ko fenolik, ka sa kuɗin takunkumi da matatar ƙura cikin farashi tare da kuɗin bit. In abokin ciniki ya ce ya yi yawa, ka bar aikin ya wuce.